Inda Ruwan Ya Rabu Biyu

Tela bai taɓa zaton zai koma hawan keke da furfura a gemunsa ba. Likita ne ya ja masa. Shekara da shekaru yana duƙe a kan keken ɗinki, har bayansa ya fara ciwo, ƙafafunsa suna kumbura da yamma. Likitan ya ce masa ko dai ya nemi abin da zai riƙa motsa jini, ko kuma ya shirya zama ɗan gida a asibiti. Da ya kai kukansa wurin amininsa Dogo, sai Dogo ya yi dariya ya ce ai ya fi kowa sa'a, tunda ƙafarsa ta riga ta saba da taka feda, abin da ya rage kawai a samo masa keken da ke barin wuri ɗaya.

Dogo tsohon direban bas ne. Tun da ya ajiye aiki zaman gida ya gagare shi, sai ya sayi keke mai faɗin taya, irin wanda ba ya tsoron tsakuwa, ya shiga bin hanyoyin da ke bayan gari. Shi ya zaɓo wa Tela nasa, ya daidaita masa sirdi, ya kuma tilasta masa sayen hular kwano, duk da Tela ya ce ta mayar da shi kamar tukunyar da aka kife.

Kowace Lahadi da sassafe sukan haɗu a ƙofar shagon Tela. Su ratsa bayan tashar mota, su wuce masaƙar da aka rufe, daga nan kwalta ta ƙare, sai hanyar tsakuwa da ke bin gefen babbar magudanar ruwa, wadda ke kai wa gonaki ruwa. Ruwan yana tafiya a hankali, kore-kore, balbelu suna tsaye a bakinsa. Ƙasar wurin ba ta da tsauni, sai tudu da gangare masu sauƙi, ka ɗan yi nishi ka hau, ka saki feda ka gangara. Gonar masara ta ba wa ta alkama wuri, ta alkama ta ba wa ta albasa, can nesa wata tarakta tana kai da komo.

Dogo ne kullum a gaba. Ba a taɓa yin shawara a kan haka ba. Ya san kowace gada, ya san wace hanya ce ke laka bayan ruwan sama, ya san gonar da karenta ke bin masu keke. Tela kuwa mutum ne da kan ɓata a cikin kasuwar da ya yi rabin rayuwarsa yana sayen yadi a cikinta. Don haka bai taɓa wahalar da kansa da haddace hanya ba. Idonsa yana kan tayar Dogo ta baya, kunnensa yana jin ƙarar tsakuwa, zuciyarsa kuma tana can tana yanka rigar da zai ɗinka ranar Litinin.

Akwai wata gadar ƙarfe inda magudanar ta rabu biyu. Reshen dama yana zuwa gidan famfo, inda wata dattijuwa ke sayar da shayi da burodi a ƙarƙashin rumfa, nan suke hutawa. Wata Lahadi da suka iso gadar sai Dogo ya tsaya, ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa. Tela ya ɗauka kaca ce ta zame. Dogo ya duƙa ya taɓa ta, ya miƙe, ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya hau ya bi hagu. Tela ya bi shi, a zatonsa sabuwar hanya za a nuna masa. Hanyar ta yi ta ƙanƙancewa har ta kai su tsakar gidan wani manomi, kaji suka watse. Dogo ya gaishe da mutumin, ya ce sun zo duba lafiyar kajin ne, aka yi dariya, suka juya.

Da abin ya tsaya nan da Tela ya manta. Amma bayan 'yan makonni, sun sha shayinsu sun tashi, sun yi nisa da rumfar, sai Dogo ya waiwayo ya ce yau fa yunwa yake ji, su hanzarta su kai wurin mai shayi. Tela ya yi dariya, ya jira Dogo ya taya shi, amma bai taya shi ba. Da suka hau wani tudu inda ake hango gari, Dogo ya tsaya, ya cire hularsa ya share gumi. Bai kalli Tela ba ya ce, "Ta ina muka shigo?"

Tela ya nuna bayansu da hannu, shi ma ba da cikakken tabbaci ba.

Suka zauna a gefen gona. Dogo ya ce abin ya ɗan jima yana zuwa masa. Sai ya ga wuri, ya san ya san shi, amma ya rasa abin da ke gabansa da abin da ke bayansa, kamar an ɗauke masa sunan mutum yana tsaka da gaishe shi. Ya ce yakan wuce in ya ɗan tsaya. Ya ce gajiya ce, ko kuma sabon maganin hawan jinin da aka ba shi. Sannan ya roƙi Tela kada ya kai maganar gida, domin in uwargidansa ta ji, ko kuma 'yarsa Auta, to keken nan ya shiga ɗakin ajiya ke nan, shi kuma a kafa masa kujera a gaban talabijin.

Tela ya ce ba zai faɗa ba.

Alkawarin ya hana shi sakat. A shago yana aiki yana tunani. Ya san Dogo ba Lahadi kaɗai yake fita ba, yakan zaga shi kaɗai a tsakiyar mako in gida ya ishe shi. Ya kuma san bakin magudanar nan ba shi da shinge, wani wurin gefen siminti ne mai santsi. Ya ɗauko waya zai kira Auta, sai ya tuna fuskar Dogo a kan tudun, ya mayar da ita aljihu. Matarsa ta lura ya rage surutu, ta tambaye shi ko wani ya dawo masa da ɗinki ne. Ya ce a'a, bayansa ne. Ta ce to ashe keken bai yi amfani ba.

Ranar wata Laraba da azahar, yana tsaka da liƙa aljihu a jikin wata riga, Auta ta kira shi. Malamar makaranta ce, muryarta kullum a daidaice take, amma ranar ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta ce Baba ya fita da keke tun bayan karin kumallo, bai dawo ba, wayarsa kuma ga ta nan a kan tebur. Ta ce ko Baffa, kamar yadda take kiran Tela, ya san inda yakan bi.

Tela ya ce ta ba shi lokaci kaɗan. Ya ja ƙofar shago, ya ɗauki keke.

Wannan ne karonsa na farko a hanyar shi kaɗai, kuma nan take ya gane bai san ta ba. Ba tayar da zai bi. Kowace gada ta yi kama da 'yar'uwarta, kowane layin itatuwa kamar wanda ya wuce. Rana ta take, tsakuwa tana ƙyalli, ba kowa sai wasu mata can cikin gona suna cire ciyawa. Ya tsaya ya tambaye su ko sun ga wani dogon dattijo a kan keke mai ruwan toka. Ɗaya ta ce ta ga wani ya wuce da hantsi, ya dawo, ya sake wucewa. Ta nuna gabas. Mai shayi ta ce yau bai zo wurinta ba. Tela ya koma gadar ƙarfe ya bi hagu, ya sake faɗawa gidan mai kaji, ya fito, ya bi wata 'yar hanya da ke tsakanin gonakin alkama, ƙafafunsa suna zafi, bakinsa ya bushe, domin a gaggawar fita ya manta gorar ruwa.

Ya same shi a wata ƙaramar ƙofar ruwa, inda ake buɗe wa gonaki ruwa da wata ƙafar ƙarfe mai juyawa. Keken yana jingine da itace. Dogo yana zaune a kan siminti, ya cire takalmi, ƙafafunsa a cikin ruwa. Da ya ga Tela ya ɗaga hannu kamar sun yi alkawarin haɗuwa a nan, ya ce hutawa yake yi, wurin akwai iska. Amma leɓɓansa sun bushe, gorarsa kuma ba ko ɗigo.

Tela bai tambaye shi komai ba. Ya ce su tafi. Dogo ya hau keke ya tsaya, yana jira. Sai a lokacin Tela ya fahimci shi ake jira ya wuce gaba. Ya wuce, yana bin sawun tayarsa da ya bari a ƙura, inda sawun ya ɓace ya tsaya ya tambayi mutane. A haka har suka hau kwalta.

Auta da mahaifiyarta suna tsaye a ƙofar gida. Dogo ya ce musu tayarsa ce ta yi faci, ya shige da keken ciki. Uwargidan ta bi shi da kofin ruwa. Auta ta tsaya. Ta dubi tayoyin da suka wuce ta gabanta lafiya ƙalau, sannan ta dubi Tela.

"Baffa, don Allah ka faɗa mini gaskiya. Wannan ne na farko?"

Tela ya riƙe kan kekensa da hannu biyu. Ta tagar falo yana hango Dogo a tsaye, kofin a hannunsa, yana kallonsu. Ya ce, "Ba na farko ba ne."

Ya ba ta labarin gadar ƙarfe da na shayi da na tudu, bai rage komai ba. Auta ta saurara, ta ce su ma a gida sun ga wasu abubuwa, makulli a cikin firji, tambaya ɗaya sau da yawa, amma kowa yana jiran wani ya fara faɗa. Kafin ta rufe baki Dogo ya fito. Bai ɗaga murya ba. Ya ce wa Tela ya gode da rakiya, ya kuma gode da riƙon amana, ya sauka lafiya. Ya juya ya rufe ƙofa.

Lahadin da ta biyo baya Tela ya fito ƙofar shago da sassafe, ya jira, ba wanda ya zo. Ya san ba mai zuwa, amma ya jira. Daga baya ya hau shi kaɗai. Ya yi haka Lahadi bayan Lahadi. Da farko don ya rasa abin yi da safiyar ne, daga baya ya lura ya fara riƙe hanya. Ya gane gadar da ke da tsagewa a gefe, da gonar da aka kafa wa mutum-mutumi mai jar riga, da wurin da tsakuwa ke da zurfi har sai an sauya giyar keke. Ya riƙa mamakin yawan abin da ya wuce ta gabansa shekarun nan bai gani ba. Mai shayi ta tambaye shi ina dogon abokinsa. Ya ce yana gida yana hutawa.

Labari yana zuwa masa ta bakin Auta. An je asibiti, an yi gwaje-gwaje, an ɗauki hoton kai. Likita ya kira ciwon da sunansa, na mantuwa ne, ya ce ba ya warkewa, amma akan rage masa gudu, kuma motsa jiki yana cikin abin da ke taimakawa, muddin ba shi kaɗai ba. Auta ta ce Baba ya ji wannan da kunnensa, amma ya ce shi da keke sun yi sallama. Ta ce ba ya cin abinci sosai, ba ya fita ko ƙofar gida. In aka ambaci Tela sai ya ƙara sautin rediyo.

Tela ya sha tambayar kansa ko da ya yi shiru da ya fi. Wani lokaci ya ga ya yi daidai, wani lokaci ya ga da ya ja Dogo gefe ya sa shi ya faɗa da bakinsa. Bai kai ga amsa ɗaya ba. Abin da ya sani shi ne in aka sake tsayar da shi a ƙofar gidan nan, Auta tana kallonsa, abin da ya faɗa zai sake faɗa.

Wata rana uwargidan Dogo ta aiko da wanduna guda biyu a rage musu ƙugu, domin mai su ya rame. Tela ya auna, ya ga yawan abin da za a cire, ya ajiye almakashi ya ɗan zauna. Da ya gama ɗinkin bai ba wa kowa ya kai ba, ya naɗe su a takarda ya kai da kansa.

Ya tarar da Dogo a falo, a kan kujerar da ya taɓa cewa za a kafa masa. Labule a sauke, fanka tana juyawa, rediyo yana magana shi kaɗai. Suka gaisa kamar baƙi. Tela ya ce sai an gwada wandunan a gabansa, shi ba ya sakin aiki bai ga zamansa a jiki ba. Dogo ya shiga ɗaki ya sa ɗaya ya fito. Tela ya durƙusa yana jan ƙafar wandon, bakinsa da allura, yana magana kamar da kansa yake. Ya ce an girbe alkamar da ke bayan gidan famfo, an zuba sabuwar tsakuwa daga masaƙa zuwa gada ta farko, karen nan mai bin mutane ya tsufa, yanzu daga kwance yake haushi. Ya ce shi dai har yanzu in ya zo hawa tudu kacarsa sai ta yi ta ƙara, ya rasa dalili.

Dogo ya ce ai dole ta yi ƙara, tunda Tela ba ya sauya giya sai ya riga ya shiga tudun, ya faɗa masa haka ya fi a ƙirga. Tela ya ce to ai ba mai tuna masa.

Ba a ce an yafe ba, ba a kuma nemi yafiya ba. Amma ranar Lahadi Auta ta rako mahaifinta har ƙofar shago, tana tura masa keken, ta sa masa waya a aljihun riga ta ja zif.

Suka sauya tsari. Sun bar zagayen nan mai nisa da ke ratsa gonaki, suka tsaya a kan babbar magudana, zuwa gidan famfo da dawowa. Inda hanya ta miƙe Dogo ne a gaba, domin har yanzu ya fi Tela ƙarfin ƙafa, kuma ba ya son ƙurar wani. In an kusa mararraba sai Tela ya matso gefensa ya ce dama, ko ya ce miƙe, kamar yana magana da iska. Wata rana Dogo yakan ce ya sani. Wata rana kuma sai kawai ya bi.

Haka suka yi har masara ta yi kai ta bushe. Wata safiya, suna dawowa daga shan shayi, tayar Tela ta baya ta sace. Ya sauka yana tsaki, yana tunanin tura keke har gari. Dogo ya ce ya kawo. Ya kifa keken, ya zare tayar, ya fito da tiyub, ya hura shi, ya gangara bakin ruwa ya nutsa shi yana juyawa har kumfa ta nuna hujin. Ya goge wurin, ya shafa gam, ya laluba cikin tayar da yatsa ya zaro wata 'yar ƙaya ya nuna wa Tela. Hannunsa bai yi shakkar komai ba.

Suka zauna a kan ciyawa suna jiran gam ya sha iska. A ƙetaren ruwa wani mutum yana loda buhuna a bayan tarakta. Dogo yana riƙe da tiyub ɗin a kan gwiwarsa, ya ce ya san inda abin nan zai kai shi, likita bai ɓoye masa ba. Ya ce akwai ranar da ko a miƙaƙƙiyar hanya bai kamata a bar shi a kan keke ba, kuma mai yiwuwa shi ba zai gane ranar ta zo ba.

"In ta zo, kai za ka faɗa mini," in ji shi. "Ba likita ba, ba Auta ba. Zan yi fushi, ka sani. Ka faɗa duk da haka."

Tela ya ce, "Zan faɗa."

"Amma ba yau ba."

"Ba yau ba."

Dogo ya taɓa gam ɗin da bayan yatsa, ya ce ya yi. Ya manna facin ya danne shi da babban yatsa, ya mayar da komai wurinsa, ya ba Tela famfo ya ce sauran aikin nasa ne, shi ba zai yi faci kuma ya yi famfo ba. Tela ya hura har ya yi gumi, Dogo yana matsa tayar yana cewa saura. Da ta yi tauri suka wanke hannu a magudana, suka hau, suka nufi gari kafin rana ta yi zafi.